Ni ce na rufe bakin ƙanwata

Assalamu alaikum Anti, da ke da duk masu karanta wannan shafi, Allah ya sa kuna lafiya. Don girman Allah ki ɓoye sunana da lambata. Ku kuma masu karatu, na san za ku zage ni, ban ce ban cancanta ba, amma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yanke min hukunci. Ba wanke kaina na zo yi ba. Shawara nake nema, kuma lokaci ya kusa ƙure min.

Shekarata ashirin da biyar. A cikin gari aka haife ni, a Soron Ɗinki, a irin gidajen nan na gado da sai ka ratsa soro biyu kafin ka ga tsakar gida. Ɗinki nake yi a gida. Mu biyu ne mata a wajen Ummanmu, ni ce babba, sai autarmu da zan kira Hanifa, duk da ba sunanta ba ne. Yanzu shekararta goma sha shida. Ni na goya ta, ni na yi mata wanka, ni nake mata kitso har yau, ɗaki ɗaya muke. Duk unguwa an san ba ta da wata aminiya sama da ni.

Sai na fara gaya muku wani abu a kaina, ba don ya zama uzuri ba. Ina da shekara goma sha huɗu aka zaɓe ni in yi jawabin maraba a bikin makarantarmu. Sati biyu ina hadda. Da ranar ta zo na tsaya gaban jama'a, na ga idanu sun yi min caa, sai komai ya gudu daga kaina. Na tsaya kamar an dasa ni, na fashe da kuka, wani malami ya riƙo hannuna ya sauko da ni. Da muka dawo gida ba wanda ya rarrashe ni. Baba dariya ya yi har da riƙe ciki, ya sa min suna Mai Jawabi. Sunan ya bi ni shekaru. In baƙi sun zo sai a ba su labarin, a kwaikwayi yadda bakina ya dinga rawa. Tun daga ranar na koyi yin shiru. Har yau in mutane sun wuce uku a waje, muryata ba ta fita.

Hanifa kuwa daban take. Doguwa ce, baƙa, mai wushirya, ga baki kamar rediyo. Ba ta jin kunyar tambaya, ba ta jin tsoron a yi mata dariya. Bara aka kawo musu wata sabuwar malama, in kira ta Malama Rabi, ta buɗe wa 'yan mata wani zama duk ranar Alhamis bayan an tashi. Tana koya musu yadda za su tsaya gaban mutane, su ɗaga kai, su kalli idon wanda suke wa magana, su faɗi ra'ayinsu ba tare da sun noƙe ba. Hanifa ta shiga da ƙarfinta. Sai ta dawo gida ta ɗauki muciya ta riƙe a bakinta, ta tsaya a tsakar gida tana yi wa kaji jawabi. Umma tana dariya tana cewa a ba ta muciyarta tuwo zai yi gudaji. Baba, wanda tunda nake ban taɓa ganin ya ajiye rediyonsa don ya saurari 'ya mace ba, sai ga shi yana rage murya yana cewa, "Maimaita wajen nan, auta."

Wallahi da farko na ji daɗi. Ni ma ina tafa mata. Ban san yaushe abin ya juya a zuciyata ba, amma na san ranar da ya fito fili. Makarantarsu ta ɗauki bidiyonta tana magana a kan karatun 'ya'ya mata, aka sa a shafin makaranta, dangi suka yi ta turawa juna. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci abokan Baba suka zauna a soro, na kai musu zoɓo, na tarar yana nuna musu bidiyon. Ina durƙushe ina zubawa ya ce, "Wannan ita ta gado ni. Yayarta kuwa ga ta nan, ko sallama ta yi sai ka kasa kunne. Mai Jawabi ke nan." Suka kwashe da dariya. Shekara goma da yin abin, Anti. Shekara goma, kuma a gaban maza.

Washegari da azahar na ɗauko wani tsohon layi da na daina amfani da shi, na buɗe sabon akawun da sunan ƙarya da hoton fure. Na shiga ƙarƙashin bidiyon na rubuta: "Baƙa kamar gindin tukunya, ga haƙora a waje, wa ya ce ki tsaya gaban kyamara?" Na ce a raina sau ɗaya ne, in huce. Da la'asar ta shigo ɗaki da 'yar wayar da Baba ya saya mata, tana dariya, ta ce, "Yaya, zo ki ga wata marar aikin yi. Malama ta ce duk wanda ya zagi kamanninka to ya rasa abin cewa a kan maganarka ne." Ta ajiye wayar ta ci gaba da cin gyaɗarta. Ku yarda da ni, dariyar nan ce ta ƙarasa ni. Me ya sa ita za a zage ta ta yi dariya, ni kuma abu ɗaya ya same ni na kasa tashi har yau? Wa ya ba ta wannan ƙarfin? Me ya sa ni ba a ba ni ba?

Sai na koma tura mata saƙo ita kaɗai. Kuma na fi kowa sanin inda zan taɓa, don ita da bakinta take gaya min. Ina mata kitso, kanta a kan cinyata, za ta ce, "Yaya, ni fa in na tsorata muryata sirancewa take yi, kina ganin mutane suna lura?" In ce mata a'a, ba wanda zai lura. Bayan kwana biyu saƙo ya iso mata: "Muryarki kamar ta akuyar da aka taka." Tana da tabon ƙuna a gefen wuya, man suya ne ya fallatsar mata tana ƙarama, kullum tana jan hijabi a kai. Na rubuta mata a kansa. Akwai wata kalmar Turanci da harshenta yake karyewa a kai, na rubuta mata cewa duk ajinsu ana kwaikwayonta in ta juya baya. Ƙarya ce, ni na ƙirƙira. Ta toshe akawun ɗin, na buɗe wani. Ta toshe, na sake buɗewa, har ta ɗauka mutane da yawa ne.

A hankali dariyar ta ragu. Ta fara daɗewa a gaban madubi. Ta fara rufe baki da hannu in za ta yi murmushi. Kuma duk saƙon da ya zo wajena take kawowa, ta ce kada in gaya wa Umma don kada a hana ta zuwa wajen Malama. In karanta abin da na rubuta da hannuna, in ja tsaki, in rungume ta. Ko rarrashin nawa ma da dafi a ciki. Sai in ce, "Rabu da su, ai ba laifinki ba ne da aka halicce ki haka." Ta ɗago ta kalle ni ta ce, "Haka yaya?" In ce, "A'a, ba komai, ni dai a wajena kina da kyau." Na san abin da nake yi. Ba zan ce shaiɗan ba ne, ba zan ce ban sani ba. Ina zaɓen kalmomin ne kamar yadda nake zaɓen zare.

Duk da haka ba ta daina ba. Aka zaɓe ta ta wakilci makarantarsu a gasar muhawara ta 'yan mata, a wani babban zaure da ke wajen Goron Dutse. Ni na ɗinka mata sabon hijabi, ni na goge mata. Baba ya ce ba zai buɗe shago ba ranar, zai je ya gani da idonsa. Ni da na yi saukar Alƙur'ani aike ya yi a ce yana da baƙi.

Da safen ranar, tana karin kumallo, na shiga banɗaki da wayata. Akwai wani sirri da ko a gidanmu ba a ambatarsa. Hanifa ta yi fama da fitsarin kwance har ta kai shekara goma sha ɗaya, ni nake tashi da sassafe in wanke zanen in shanya a bayan ɗaki don kada matan gida su gani. Na rubuta: "Mai fitsarin kwance, ina cikin zauren yau. Kina buɗe baki zan miƙe in gaya wa kowa." Na tura, na wanke hannu, na fito na ce ta yi sauri kada mu makara.

A cikin adaidaita ta karanta, tana zaune tsakanina da Umma. Na ji jikinta ya saki a jikin nawa. Umma ta ce lafiya, ta ce ba komai. Da aka kira sunanta ta hau, ta riƙe takarda, ta fara bin fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya tana neman wanda zai miƙe. Ta yi sallama aka amsa. Ta sake yin sallama. Ta sake ta uku, wasu yara a baya suka fara dariya. Malama Rabi tana daga gefe tana mata alama da hannu ta ja numfashi. Sai kawai ta ajiye abin maganar ta sauko da gudu. Baba ya tashi ya fita. Ina layi na uku ina kallo. Kuna so ku san abin da na ji? Sanyi na ji a raina. Wani irin sanyi kamar na sha ruwan randa. Wannan ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, kuma shi ya fi komai ba ni tsoron kaina.

Da muka koma gida Umma ta ƙwace wayar Hanifa ta karanta komai. Ta zauna a bakin rijiya ta dafe kai. Ta ce, "Maganar fitsarin nan, wa kika taɓa gaya wa a waje?" Hanifa tana kuka ta ce mutum ɗaya ce, Ummi. Ummi ƙawarta ce tun suna rarrafe, katangarmu ɗaya da gidansu, tare suke tafiya makaranta, tare suke zuwa wajen Malama. Umma ta juyo ta kalle ni kamar tana neman in ce wani abu. A nan Allah ya ba ni dama, ko da ban tona kaina ba, in ce kada a yi gaggawa. Sai na ji bakina ya ce, "Ni dai dama tun da can ban yarda da yarinyar nan ba."

Umma ta figi mayafi ta nufi gidan su Ummi. Har tsakar gidanmu ana jiyo hayaniyar. Ummi ta ɗauko Alƙur'ani ta dafa tana rantsuwa, Umma ta ce ko ɓarauniya ma rantsuwa take yi in an kama ta, ta faɗi maganganun da ba a faɗa wa maƙoci. Mahaifin Ummi mutum ne mai zafi, kunya ta sa ya kama 'yar tasa da duka da wayar wuta. Ina zaune a gaban kekena ina jin ihunta ta kan katanga, tana cewa, "Wallahi Baba ba ni ba ce." Na ci gaba da taka keke don ƙarar ta rufe min kunne. Gidaje biyu da suka fi shekara arba'in suna miƙa wa juna kwano ta kan katanga, yau ko gaisuwar mutuwa ba ta haɗa su. An canza wa Ummi makaranta. Wata rana na haɗu da ita a lungu ta dawo daga niƙa, ta ajiye bokitin ta tare ni ta ce, "Yaya, ke kin san ni tun ina tsumma. Don Allah ki gaya mata ba ni ba ce." Na ce, "Allah ya san gaskiya," na raɓa ta na wuce.

A ranar gasar na goge akawun ɗin duka, na karya layin na jefa a kwata. Na ɗauka shi ke nan, za ta yi kukanta na sati ɗaya ta koma yadda take, tunda ita mai ƙarfi ce. Yau wata takwas ke nan. Hanifa ba ta koma ba.

Ta daina zuwa zaman Alhamis. A aji an ce ko an kira sunanta ba ta ɗaga kai. Sakamakonta ya faɗi warwas. In an yi baƙi sai ta shige ɗaki, in an matsa ta fito da niƙabi. Ta tara kuɗin tararta a ɓoye ta sayo wani haɗin man bilicin a kasuwa, ba mu sani ba sai da kumatunta suka ƙone suka yi jajir suna ruwa. Wata biyu muna zaryar asibitin fata, har yanzu tabon bai gama bajewa ba. A hanyar dawowa daga asibiti na tambaye ta me ya sa ta yi haka, ta ce, "Na gaji da zama gindin tukunya." Maganata ce ta farko, Anti. Wadda na ɗauka dariya ta yi mata ta manta. Ashe ajiye ta ta yi.

Malama Rabi ta zo gidanmu sau biyu. A zuwa na biyu ta ja ni gefe a soro ta ce, "Yarinya a wannan shekarun da bakin mutane take ganin kanta. Ni awa ɗaya nake samu da ita a sati, yanzu ma ba na samu. Ke ce take jin maganarki. Kullum ki gaya mata abu ɗaya mai kyau da kika gani a tare da ita, na gaskiya, ba na rarrashi ba. Ki dinga tambayar ra'ayinta ko a kan kalar atamfa ce, ki bari ta gama magana." Ta riƙe hannuna ta ce Hanifa ta yi sa'ar yaya. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Na gwada, wallahi na gwada, kuma wannan karon da zuciya ɗaya. Na ce mata tana da kaifin ƙwaƙwalwa, na ce muryarta tana da daɗi, na ce baƙinta mai kyau ne. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Yaya, ke don kina sona ne kike faɗar haka. Waccan da ba ta sona ai ba ta da dalilin yi min ƙarya." Ku gaya min, da wane baki zan amsa wannan? Ta yarda da ni ta ƙarya, ta ƙi yarda da ni ta gaskiya.

Kuma me na samu? Baba bai dawo ya yabe ni ba. Ya koma wa rediyonsa. Rannan na ji yana gaya wa ƙaninsa wai 'ya'yansa mata duk haka suke, ba su da zuciya. Yanzu mu biyu yake kira Masu Jawabi. Da ya faɗa a gabanta ba ta yi kuka ba, ta sunkuyar da kai ne kawai, daidai yadda nake yi.

Umma kuma tunda mahaifiyar Ummi ta aiko mata da cewa ta bar ta da Allah, jikinta ya ɗan yi sanyi, ta daina kama suna. Yanzu bayan kowace sallah sai ta ɗaga hannu ta ce, "Duk wanda ya yi wa 'yata haka, Allah ya isa tsakanina da shi. Allah ka hana shi kwanciyar hankali, ka nuna masa a kan nasa 'ya'yan." In ina kusa ta juyo ta ce, "Ba ki ce amin ba." In ce amin. Sau biyar a rana uwata tana yi min baki ba ta sani ba, ni kuma ina amsawa. Saura sati biyar bikina. Da wannan addu'ar zan shiga gidan miji? Da ita zan haihu?

Abin da ya sa na kasa ci gaba da yin shiru ya faru ne ranar Talatar da ta wuce. Muna ninke kayan lefena da yamma, ni da ita, sai ta ce, "Yaya, in kin tare zan bi ki." Na ce wasa take yi. Ta ce ta riga ta roƙi Umma, Umma ta yi wa Baba magana ya amince, har an gaya wa wanda zan aura ya ce ba komai, makaranta ma ta fi kusa daga Ƙofar Na'isa inda za mu zauna. Ta ce, "Ba zan iya zama a gidan nan ba ke ba. Kowa kallona yake yi. Ke kaɗai ce ba ki taɓa yi min dariya ba a duniya." Ta kwantar da kanta a kafaɗata. Na ce zan ɗebo ruwa, na fita na je na tsaya a bayan ɗaki.

In na faɗa mata, na san za ta gane cewa duk maganganun nan ba na mutanen gari ba ne, ba wanda yake kwaikwayonta a aji, mutum ɗaya ce mai ciwon hassada. Wataƙila hakan ya dawo mata da bakinta, ya wanke Ummi da aka daka a banza. Amma kuma zan cire mata mutum ɗaya tak da ta rage tana yarda da ita, kuma ina tsoron abin da za ta yi wa kanta, yarinyar da ta iya ƙona fuskarta saboda magana ɗaya. Umma kuwa ban san ko za ta iya janye abin da ta faɗa ba in ta san ni ce. Maganar ba za ta tsaya a gidanmu ba, dole a shiga gidan su Ummi a ba da haƙuri, daga nan unguwa ta ɗauka, daga nan ta isa gidan surukaina. Ba zan ɓoye muku ba, ina tsoron a fasa auren. Har yanzu da kaina a cikin lissafin, kun ga irin halin nawa.

In kuma na yi shiru, zan tafi da ita gidana, in dinga kallonta kullum tana rufe baki in za ta yi murmushi, tana gode min.

Jiya ta fara haɗa littattafanta a kwali, ta tambaye ni ko ɗakin da za a ba ta yana da taga. Na ce yana da ita. Don Allah iyaye da 'yan'uwa da ke wannan shafi, ku zage ni in kun ga dama, amma kada ku tafi ba ku amsa min ba. Me zan yi?